Aikin Tilas a Ramin Kuza: Wa Ya Rubuta Sunayensu?

A ƙasashen Turai akwai gidajen tarihi da aka gina a sansanonin aikin tilas na Yaƙin Duniya na Biyu, inda ake rubuta sunayen waɗanda suka mutu. Mu ma a Arewa mun sha irin wannan wahala, amma ba a cika zancenta ba.

Ga yadda abin ya faru. A farkon 1942 sojojin Japan suka ƙwace ƙasar Malaya, inda ake haƙo kuza mai yawa. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta juyo kan ramukan kuza na Jos da Bukuru. Tun da ma'aikata ba su isa ba, aka sa sarakuna da hakimai su kawo mutane daga lardunan Arewa, har da Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Yauri take cikinsa a lokacin. Ana kiran wannan "ɗiban gwamna". Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi manoma fiye da 100,000, kowane rukuni yana yin kamar wata huɗu.

Ku duba mutumin da ya saba da zafin bakin Kwara, a kai shi sanyin dutsen Jos ba bargo, ba isasshen abinci, ɗakin kwana kuma a cunkushe. Ciwon ƙirji da gudawa suka yi ta kisa, musamman a wurin ginin madatsar ruwa ta Tenti. Da yawa sun gudu. A gida kuma gonaki suka rasa hannu, hatsi ya yi tsada. Ingila ta amince da yarjejeniyar hana aikin tilas ta 1930, amma an bar ƙofa a cikinta domin lokacin yaƙi, ta nan aka bi.

Mu da muke karanta labarin Isra'ilawa da tubalin Masar a Littafin Fitowa, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba.

A nan ƙasarmu mantuwa tana da sauƙi, domin tafkin Kainji ya cinye garuruwa da makabartu da yawa a 1968. Saboda haka muna roƙon ikkilisiyoyin Warra, Ngaski, Shanga da Yauri, tare da maƙwabtanmu Musulmi, ku tambayi tsofaffi. In akwai kakan da aka ɗauka zuwa Jos, ku rubuta sunansa da garinsa, da ko ya dawo, ku ba fasto ko ma'aikacinmu idan ya zo zagaye.