Gyaran ƙafar motar gudu a gida: Darasin haƙuri da awo ga matasa

A shekarar 1956 wani ɗalibin sakandare a Ingila mai suna John Haynes ya samu tsohuwar mota ƙirar Austin 7, ya warware ta, ya mayar da ita 'yar ƙaramar motar gudu da hannunsa. Da ya ga mutane suna yawan tambayarsa yadda ya yi, sai ya rubuta ɗan littafi, ya zana kowane mataki, ya buga kwafi 250. Cikin kwana goma suka ƙare. Daga nan aka samu littattafan gyaran mota na Haynes, waɗanda aka sayar da miliyoyinsu a duniya, kuma na farko a jerin ya fito ne a 1966 a kan wata motar gudu mai suna Austin-Healey Sprite.

 Abin da yaron nan yake da shi shi ne haƙurin kwance abu ɗaya bayan ɗaya, da rubuta abin da ya gani. Har yau wannan halin ne yake raba mai gyaran mota a gida da mai lalata ta, wani lokaci ma shi yake raba rai da ajali.

Motar da ta mayar da tsakar gida gareji

Idan ana zancen gyaran motar gudu a gida, motar da ta fi zuwa bakin mutane ita ce Mazda MX-5, wadda ake kira Miata a Amurka. Ana ƙera ta a birnin Hiroshima na Japan, an fara nuna ta ga duniya a baje kolin motoci na Chicago a 1989, kuma a 2016 kamfanin ya ƙera ta miliyan ɗaya. Kundin Guinness ya sanya ta a matsayin motar gudu mai kujeru biyu da aka fi saye a tarihi.

Abin mamakin shi ne injinta na farko lita 1.6 ne kacal, bai fi na motocin haya da yawa da ke yawo a titunanmu ba. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba. To me ya sa ake son ta haka? Amsar tana ƙarƙashinta. Yadda take shan kwana tana manne da titi, da yadda take bin umarnin sitiyari nan take, duk aikin ƙafa ne. Shi ya sa masu ita a Amurka da Ingila da Japan suke kashe ranakun hutunsu a ƙarƙashinta, musamman yanzu da samfurin farko ya haura shekara 30, robobinsa sun tsufa.

Ba kasafai ake ganin irin wannan mota a garuruwanmu ba, amma abin da ke ƙafarta shi ne ke ƙafar motar Baba, da bambanci kaɗan a tsari. Wanda ya fahimci ɗaya ya kama hanyar fahimtar ɗayar.

Mene ne a cikin ƙafar mota?

Kowace taya tana taɓa titi ne da wuri da bai wuce faɗin tafin hannunka ba. Birki da kwana da gudu duk sun dogara da waɗannan wurare huɗu. Aikin ƙafa shi ne ta tabbatar tayar ba ta rabu da ƙasa ba.

Na farko akwai sifirin, ƙarfen nan mai murɗe-murɗe, wanda yake ɗauke da nauyin mota. Idan an faɗa rami ya matse, sannan ya miƙe. Matsalarsa ita ce idan aka bar shi shi kaɗai zai yi ta tsalle ba tsayawa. Nan shokazoba take shigowa. A cikinta akwai mai da ake tilasta masa bi ta wasu ƙananan ƙofofi, wannan tirjiyar ce take kashe tsallen, ta mayar da ƙarfinsa zafi.

Sai hannuwa. A samfurin farko na MX-5 kowace taya tana da hannu biyu, na sama da na ƙasa, masu kama da ƙashin ƙirjin kaza mai reshe biyu. Su suke riƙe tayar ta tsaya daidai lokacin da mota ta karkata a kwana. Inda hannu ya haɗu da jikin mota akwai bushin, wato roba mai ƙarfe a tsakiya da ke shanye girgiza. Inda hannun gaba ya haɗu da wajen taya kuma akwai bojoyin, mahaɗi mai kai kamar ƙwallo a cikin kwasfa, irin gaɓar kafaɗar mutum.

Yadda mota take faɗin ciwonta

Ƙafa ba ta lalacewa rana ɗaya, shi ya sa direba yake sabawa da ita bai sani ba. Amma akwai alamu. Danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki: idan ta yi ta lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, shokazoba ta gaji. Leƙa bayan taya: idan jikin shokazoba ya jiƙe da mai ƙura ta manne, ta fara yoyo. Idan aka taka birki gaban mota ya nutse sosai, ko taya ta cinye ta gefe ɗaya, ko ana jin ƙwas-ƙwas a hanya mai gargada, duk saƙo ne.

Haɗarin ba na jin daɗin zama kaɗai ba ne. Matacciyar shokazoba tana barin taya ta riƙa tsalle, ita kuwa tayar da ke sama ba ta jin birki, don haka tazarar tsayawa take ƙaruwa. Idan bojoyin na ƙasa ya fita ana cikin gudu, taya takan kwanta gefe, sitiyari ya zama ba shi da amfani. Duk wanda ya taɓa ganin mota a gefen titi ƙafa ɗaya a turguɗe ya ga abin da ake nufi.

Kafin a taɓa noti

Masu gyara a gida da suka san abin da suke yi suna farawa ne da wurin aiki. Dole ya zama daɓen siminti mai faɗi, ba yashi ko gangare ba. A sa mota a giya, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin da ba za a ɗaga ba. A sassauta notocin taya tun tana ƙasa.

Ga dokar da ba ta da sassauci: jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Da zarar mota ta tashi, sai a ɗora ta a kan madogaran ƙarfe da aka yi don haka. Bulon siminti ba madogara ba ne, yakan farfashe ba tare da gargaɗi ba. Motar da ake kira mara nauyi ma ta kusa kilo 1,000, ƙirjin mutum ba zai ɗauka ba. A tura tayar da aka cire ƙarƙashin mota don ƙarin kariya, kuma kada a yi aikin ba wani babba a kusa.

Sannan a ɗauki waya a yi hoton komai kafin a kwance. A tsohuwar mota tsatsa ce babbar abokiyar gaba. Masu MX-5 sun san wata doguwar ƙusa a hannun ƙasa na baya da takan kafe ta ci wa mutum yini guda. Maganinta a fesa man sassauta tsatsa tun daren jiya a bar shi ya ratsa. Wanda ya yi gaggawa ya sa ƙarfi, ya karya kan ƙusa, aikin awa biyu ya koma na mako guda. Sauri ya haifi nawa.

Haka kuma ƙusoshin da ke riƙe hannun ƙasa da jikin wannan mota suna da wani faifai da ba a tsakiya raminsa yake ba, da shi ake saita tsayuwar taya. A sa musu alama da fenti kafin a kwance, don a mayar da su kusa da inda suke.

Sifirin: inda darasin Fiziks yake da haƙora

Ɗaliban kimiyya sun san dokar Hooke, wadda Robert Hooke ya wallafa a 1678: gwargwadon ƙarfin da aka sa wa sifirin, gwargwadon matsewarsa. A aji ana gwada ta da ɗan sifirin da ƙananan duwatsun awo. A mota kuwa kowane sifirin yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta, kuma ko bayan an ciro shi tare da shokazoba yana nan a matse, notin da ke tsakiyar sama ne kawai yake tsare shi.

Wanda ya kwance wannan noti haka kawai, sifirin zai iya harbo murfin da ƙarfin da zai fasa fuska. Akwai abin matse sifirin na musamman, ƙarfe biyu da ake kamawa gefe da gefe a riƙa ɗaurewa daidai wa daida. Idan babu shi, ko ba a taɓa ganin yadda ake yi ba, a ɗauki ƙafar gaba ɗaya a kai wa makaniki ya sauya. Wannan ba gazawa ba ce.

Kuma ana sauya shokazoba biyu-biyu ne, hagu da dama tare. Sabuwa a gefe ɗaya, tsohuwa a ɗaya gefen, mota za ta riƙa hali biyu a kwana.

Kuskuren da ba a gani sai bayan watanni

Ga wani sirri da sababbin hannu da yawa suke tsallakewa. Ƙusoshin da suka ratsa bushin na roba ba a yi musu ɗaurin ƙarshe lokacin da ƙafa take reto a sama. Dalili shi ne robar ba ta juyawa a kan ƙusa, murɗewa take yi. Idan aka ɗaure tana reto, da an sauke mota sai robar ta kasance a murɗe dare da rana, ba da daɗewa ba ta yage. Sai a ɗaura su sama-sama, a bar nauyin mota ya hau ƙafar, sannan a ƙarasa.

Ɗaurin ma da awo ake yi. Littafin kowace mota ya faɗi ƙarfin da kowane noti yake buƙata, kuma akwai sifana mai awo da take yin ƙas idan an kai. Notin tayar MX-5 yana son kimanin mita-Newton 100. Ku lissafa: idan tsawon sifana rabin mita ne, ana buƙatar Newton 200 a ƙarshenta, kwatankwacin nauyin kilo 20. Ke nan mutum mai kilo 70 da ya hau sifana yana tsalle ya ninka abin da ake so fiye da sau uku, ya kuma ja ƙusar ta miƙe ta raunana. Bayan an gama komai, sai a kai mota wajen masu na'urar saita tayoyi, domin ido ba ya iya wannan awon.

Wasu matasa kuma suna yanke sifirin don mota ta yi ƙasa ta yi kyau a hoto. Yin haka yana rage wa ƙafa wurin motsi, ramin farko sai ƙarfe ya daki ƙarfe. A hanyoyinmu masu ramuka da tudun rage gudu, kaskon baƙin mai ne zai fara biyan bashin.

Ƙananan ayyukan da za ku iya farawa da su

Ba sai an kai ga ƙafa ba. Duba baƙin mai da sandar awo a wuri mai daidaito, a sauya shi da filta a lokacin da littafi ya ce. Auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi. A jikin taya akwai lambobi huɗu da ke nuna ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wannan yana da amfani ƙwarai ga mai sayen tayar gwanjo. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a sauya shi duk shekara biyu. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Kada a tayar da inji a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa irin na janareto ne, yana kisa ba tare da wari ba. Tsohon baƙin mai kuma a zuba a jarka, kada a malala shi a kwata ya gangara rijiyar unguwa.

Wajen sayen kaya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko Panteka ta Kaduna, a tafi da tsohon a hannu da lambarsa, a gwada su gefe da gefe. Shokazobar gwanjo tana iya sheƙi a waje alhali cikinta ya mutu.

Daga kallo zuwa sana'a

Mun san yadda wasan mota a wajen biki yake jan hankalin samari, mun kuma san gidajen da ya bari da makoki. Son mota ba laifi ba ne, amma wanda ya taɓa riƙe bojoyin a tafin hannunsa, ya ga ƙanƙantar abin da ransa yake rataye a kai, da wuya ya yi ganganci da sitiyari.

Wannan son yana da hanyar da zai zama abinci. Kwalejojin fasaha suna koyar da gyaran mota, hukumar NABTEB tana shirya jarrabawarsa, jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha suna da sashen injiniyan injina, kuma ƙofar a buɗe take ga mata da maza. A hutun da ke tafe, ka nemi izinin iyaye ka je garejin unguwa da littafin rubutu. Ka gaida maigida, ka tambayi sunan kowane ƙarfe, ka zana shi, ka rubuta aikinsa. Da haka John Haynes ya fara.