Shin Ko Kun San? Ƙila Muna da Maƙwabta a Sararin Samaniya

Shin ko kun san cewa wani ɓangare na duniyar Mars ya taɓa faɗowa a ƙasar Katsina? Ba tatsuniya ba ce! Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi a kusa da Zagami yana cikin korar hankaki daga gonarsa sai ya ji wata gagarumar ƙara. Ashe dutse ne ya dira daf da shi, tsakaninsu bai wuce mita 3 ba. Nauyinsa kilo 18. Daga baya masana suka tarar cewa iskar da ta maƙale a cikinsa iri ɗaya ce da iskar Mars. Saura ƙiris bawan Allah ya sha jifa daga wata duniya!

Ba ku ji komai ba tukuna. A 1996 an ɓantari ɗan mitsitsin dutsen nan, aka sa a kumbon Mars Global Surveyor, aka harba shi ya je yana kewaya inda ya fito. Baƙo ya koma gida ke nan.

A Nuwamba 2023 kuma aka tsinci wani dutsen Mars da ya fi na Zagami girma a hamadar Agadas, kusan kilo 25. Da aka yi gwanjonsa a New York a Yuli 2025, nawa kuke tsammani aka saya? Dala miliyan 5.3! Har gwamnatin Nijar ta ce sai an binciki yadda aka yi ya fita daga ƙasar.

To me ya sa hankalin kowa ke kan Mars? Domin a da can tana da koguna da tafkuna, ga shatinsu nan a bushe har yau. Inda ruwa ya taɓa kwanciya kuwa, nan ake cigiyar rai. Motar bincike ta Perseverance ta sauka a wani tsohon tafki mai suna Jezero a Fabrairu 2021. A Yuli 2024 ta ci karo da wani dutse mai ɗigo-ɗigo irin na damisa. A nan duniyarmu, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan bar irin wannan tabo. Hukumar NASA ta ce alama ce mai ƙarfi, amma ba ta ce tabbaci ba. Kuma tana da gaskiyar yin taka-tsantsan: a 1996 an yi irin wannan murna kan wani dutsen Mars da aka tsinta a ƙanƙarar Antatika, har Shugaba Bill Clinton ya fito ya yi jawabi. Daga bisani masana da yawa suka ce a'a, ba sai da rai irin wannan tabo ke samuwa ba.

Ku bar Mars, ku zo ku ji na wani wata. Duniyar Jufita tana da wata mai suna Europa, wanda bai ma kai girman watanmu ba. Samansa ƙanƙara ce zalla. Amma masana na ganin a ƙarƙashinta akwai teku mai gishiri, wanda ruwansa ya ninka na dukkan tekunan duniyarmu sau biyu. Sau biyu fa! Teku guda, cikin duhu, an rufe shi ruf.

Enceladus kuwa, watan duniyar Zuhal, faɗinsa kilomita 500 kacal, Nijeriya ma ta fi shi faɗi. Amma ɗan ƙaramin nan feshi yake yi! A 2005 kumbon Cassini ya hango shi yana tsartuwar tururi da ƙanƙara zuwa sama, nisan ɗaruruwan kilomita. Kumbon ya kutsa ta cikin feshin ya ɗanɗana: ga gishiri, ga sinadaran da jikin mai rai ke buƙata. Ni dai da za a ce in zaɓi inda za a fara leƙawa, nan zan nuna.

Titan, babban watan Zuhal, ana ruwan sama a can. Akwai koguna, akwai tafkuna. Sai dai kada ku kai baki: ba ruwa ba ne, iskar gas ce da tsananin sanyi ya mayar ruwa-ruwa, don sanyin wurin ya kai digiri 179 ƙasa da sifiri.

Zara kuwa, wadda kuke gani tana ƙyalli da magariba ko da asuba, kyanta daga nesa ne. Zafinta digiri 465, ya isa ya narkar da dalma.

Za ku ce wa zai rayu a irin waɗannan wurare? To ku dubi nan gida. A 1977 masu bincike sun nutsa ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba, suka iske manyan tsutsotsi da kaguwa sun yi dandazo a bakin maɓuɓɓugar ruwan zafi. Akwai ƙwayar halittar da ke hayayyafa a zafin digiri 122, wato ya wuce na tafasasshen ruwa. A wata mahaƙar zinariya ta Afirka ta Kudu an sami wata tana zamanta a zurfin kilomita 2.8, ba rana, ba iskar shaƙa. Sai wani ɗan ƙwaro mai ƙafa takwas da bai kai milimita ɗaya ba, ana kiransa tadigired. A 2007 an kai irinsa sararin samaniya, aka bar su a fili kwana 10 babu iska. Aka dawo da su, aka yayyafa musu ruwa, da yawansu suka farfaɗo, har wasu suka yi ƙwai. Ikon Allah!

Shin ko kun san cewa kafin 1995 ba a san ko duniya ɗaya da ke kewaya wani tauraro irin ranarmu ba? A shekarar ce Michel Mayor da Didier Queloz, 'yan ƙasar Suwizalan, suka gano ta farko, wadda shekararta kwana 4 ce kawai. Zuwa Maris 2022 adadin ya haura 5,000, kuma kullum ƙaruwa yake. Ku riƙe wannan: gungun taurarin da ranarmu ke ciki yana da taurari aƙalla biliyan 100, kuma ana ganin yawancinsu kowanne da nasa duniyoyin.

Tauraron TRAPPIST-1 shi kaɗai duniya 7 gare shi, duk tsarar tamu a girma. Ta kusa da shi tana gama shekara a kwana ɗaya da rabi. Wanda ya yi wata guda a can ya cika shekara 20!

A Afrilu 2025 masana daga Jami'ar Kambirij suka ce na'urar hangen nesa ta James Webb ta shinshino wata iska a duniyar K2-18b, irin wadda ƙananan halittun teku ke fitarwa a nan. Duniya ta ɗauka. Wasu masanan suka sake duba lissafin suka ce da sauran rina a kaba.

Matsalar ita ce nisa. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma sai ya yi fiye da shekara 4 kafin ya isa Proxima b, duniya mafi kusa da mu a wajen gidan rana. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa. Da can ya nufa, sai ya shafe sama da shekara 70,000 a hanya. Tabɗijam!

Kuma kumbon nan ba hannu rabbana ya tafi ba. Yana ɗauke da faifan garmaho mai ruwan zinariya, da kaɗe-kaɗe, da hotuna fiye da 100, da gaisuwa cikin harsuna 55. Akwai Larabci. Babu Hausa. Wannan kam an yi mana ba daidai ba!

A 1974 an aika saƙon rediyo daga tashar binciken sama ta Arecibo zuwa wani gungun taurari. Idan akwai mai amsawa, kuma ya amsa nan take, sai bayan shekara 50,000 amsar za ta iso. A daren 15 ga Agusta, 1977 kuwa, wata na'ura a jihar Ohayo ta Amurka ta kama wata siginar rediyo mai ƙarfi daga sama, ta daƙiƙa 72. An yi ta kasa kunne ta wannan sashe shekara da shekaru. Shiru kake ji.

Saboda haka idan an turo muku bidiyon wani mai ƙaton kai da manyan idanu a WhatsApp, kada ku yi saurin turawa gaba. Har yau ba a tabbatar da ko ƙwayar halitta guda a wajen duniyarmu ba. Abin da za ku sa wa ido shi ne kumbon Europa Clipper: ya tashi a Oktoba 2024, kuma ana sa ran zai isa Jufita a Afrilu 2030.