Abin da ya kamata ku sani game da tsoffin ƙauyuka da makabartun Gabon

A arewacin Libreville, babban birnin Gabon, akwai unguwar Okala. Yau gidaje sun cika ta, amma a shekarun 1980 masanin haƙar kayan tarihi Bernard Clist ya tono alamun ƙauyen da mutane suka zauna kimanin shekara 500 zuwa 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ta yaya aka gane zaman dindindin suka yi? Jujinsu ne ya ba da shaida. A cikin ramukan da suka cika da shara an samu fasassun tukwane masu zane, gatura na dutse da aka goge suka yi santsi, duwatsun niƙa, ƙonannun ƙwarar kwakwar manja da na atili. Mai yawon farauta ba kasafai yake ɗawainiya da dutsen niƙa ba. Gawayin ramukan kuwa shi aka yi wa gwajin kabon aka gane shekarunsu. A kudancin Kamaru, a ramuka irin waɗannan na wancan zamani, har gero aka samu, abincin da ya gangaro daga yankinmu na Sahel.

Kaburbura sun fi wuyar samu, domin ƙasar dajin tana da tsami, tana cinye ƙashi. Shi ya sa kogon Iroungou, kusa da Mouila, ya yi fice. Richard Oslisly ya gano shi a 1992, aka shiga binciken cikinsa a 2018. Sai an sauka da igiya, zurfin mita 25. A ciki an tarar da ƙasusuwan mutum aƙalla 28 na ƙarni na 14 zuwa 15, tare da kayan ƙarfe da tagulla fiye da 500: wuƙaƙe, gatura, fartanya da awarwaro. Manyan cikinsu an cire musu haƙoran gaba na sama tun suna raye. Ajiye mamaci tare da dukiyarsa haka ya yi kama da abin da aka gani a tuddan Durɓi Takusheyi a ƙasar Katsina.

Darajar waɗannan kaya tana ga inda suke kwance. Tukunyar da aka cire daga raminta ta rasa rabin labarinta. Duk wanda ya ci karo da irinsu wajen haƙar tushen gini ko noma, ya bar su a wurin, ya sanar da hukumar gidan tarihi.