Sake Kwas Ba Ya Goge Tsohon Maki: Jan Hankali Ga Masu Neman Likitanci a Amurka

Duk ƙarshen zangon karatu, da zarar sakamako ya fito a jami'o'in Amurka, sai wata magana ta shiga yawo tsakanin ɗalibai masu shirin karatun likita: wai in C ta fito maka a wani kwas, ka koma ka sake shi, sabon maki zai shafe tsohon, babu mai ƙara ganinsa. Maganar ta kai ga iyaye 'yan ƙasarmu masu 'ya'ya a can, har wasu suna tura kuɗin sake kwas a kan wannan fahimta. Ba haka abin yake ba. Abin da ya sa maganar ta ƙi mutuwa kuwa shi ne rabinta gaskiya ne.

A can ba a shiga likitanci daga sakandare kamar yadda ake yi a nan ta hanyar JAMB. Sai ɗalibi ya gama digirin farko na shekara 4, ya haɗa da bayoloji da kemistiri da oganik kemistiri da fiziks, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan ya shiga makarantar likitanci. Gasar kuma ba ta wasa ba ce. A shekarar 2023 fiye da mutum 52,000 suka nemi makarantun da ke ba da digirin MD, kusan 23,000 suka shiga, kuma matsakaicin makin waɗanda aka ɗauka ya kusa 3.8 cikin 4.0. Wanda ya ga C a takardarsa a irin wannan kasuwa, dole gabansa ya faɗi.

Ga rabin gaskiyar. Jami'o'i da yawa a Amurka suna da tsarin yafiya: ka sake kwas, su cire tsohon makin daga lissafinsu, su sa sabon. Ɗalibi ya duba shafinsa na makaranta ya ga GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, ya ɗaga, sai ya yi ajiyar zuciya. Amma makarantun likitanci ba da wannan lissafin suke aiki ba. Akasarinsu suna karɓar takardun masu nema ta hannun AMCAS, wata cibiya ta ƙungiyar makarantun likitanci ta AAMC, ita kuma tana neman takardar sakamako daga kowace kwaleji da mutum ya taɓa ɗaukar kwas a cikinta, ta sake lissafi da kanta. A wurinta duk zaman da ka yi wa kwas yana da lada ko zunubinsa. Ka ci C a karon farko, ka ci A a na biyu, duka biyun za su shiga, ko da jami'arka ta ce ta yafe.

Akwai lokacin da masu neman ɗaya reshen likitancin, mai digirin DO, suke da wannan sassauci, domin a lokacin cibiyarsu ta AACOMAS tana ɗaukar makin ƙarshe kawai. An daina tun 2017. Duk wanda ke ba da shawara da wancan tsohon tsari, labarin da ya wuce yake bayarwa.

Bari mu sa lambobi, don a nan ne mutane ke ruɗewa. A ma'aunin AMCAS A maki 4 ce, B 3, C 2, kuma ana ninka su da nauyin kwas. Ɗauki ɗalibar da ta yi yunit 120, GPA ɗinta 3.50, a ciki akwai C a oganik kemistiri mai yunit 4. Ta sake kwas ɗin, ta ci A. Jami'arta mai yafiya za ta nuna mata 3.57. AMCAS za ta ce yunit 124, GPA 3.52. Zango guda na wahala da kuɗi, ribar 0.02. Idan aka haɗa zaman biyu, kwas ɗin ya tashi a matsayin B.

To ga abin da ba a cika faɗa ba. Da ta bar oganik ɗin nan, ta ɗauki sabon kwas mai yunit 4, misali bayokemistiri, ta ci A, lissafin zai fito 3.52 ɗin nan dai, babu ƙari babu ragi. Kamar buhun gero ne mai tsakuwa a ciki. Zuba mudun gero mai kyau a kai ba ya fitar da tsakuwar, sai dai ya rage yawanta a kowane awo, kuma duk inda ka sayo mudun, aikin da zai yi ɗaya ne. Tun da haka ne, sai a tambayi wane mudu ya fi amfani. Malamin da ke zaune a kwamitin ɗaukar ɗalibai yana ganin jerin kwasa-kwasan gaba ɗaya, shekara bayan shekara, da makin kimiyya a ware. A ɗin da aka ci a karo na biyu ba ta ba shi mamaki, domin an riga an ga darasin, an san salon tambayoyin. A a bayokemistiri, wanda aka gina shi a kan oganik, ita ce ke nuna masa cewa yarinyar ta gane abin da ya kayar da ita, har ta hau matakin gaba. Ga shi kuma bayokemistiri yana da kaso mai tsoka a MCAT tun da aka sabunta jarrabawar a 2015.

Akwai kuma haɗarin da ba a lissafawa. Wanda ya sake kwas ya fito da B, ko ya maimaita C ɗinsa, ya rubuta wa kansa shaidar da ta fi ta farko muni.

Wannan ba ya nufin ba a sake kwas sam. Wanda ya ci F ko D a kwas na dole ba shi da zaɓi, kamar dai mai kariyoba a jami'o'inmu. Makarantun likitanci da yawa sun gindaya cewa kwasa-kwasan dole sai an ci aƙalla C, kuma a wurin wasunsu C mai alamar ragi ba ta kai ba, don haka mai ita ya duba sharaɗin kowace makaranta da yake nema kafin ya yanke shawara. Haka wanda ya san a ransa cewa ya haye ne kawai bai fahimci komai ba. Idan kemistirin shekarar farko bai zauna ba, duk abin da aka ɗora a kai zai yi ta rawa har zauren MCAT. Irin wannan ya koma ya koya, ilimin yake nema, makin biyo baya zai yi. Amma mai B da ke son mayar da ita A, wannan ɓarnar dukiya ce, musamman a jami'o'i masu zaman kansu inda yunit ɗaya kan wuce dala 1,000.

Kafin a biya kuɗin rajista kuma, a zauna a tambayi abin da ya kawo faɗuwar. Rashin lafiya ne, ko aikin dare don biyan haya, ko an jibga kwasa-kwasai masu nauyi huɗu a zango ɗaya, ko haddar da ta yi aiki a sakandare ce ta ƙi aiki a nan? Idan ba a taɓa dalilin ba, zama na biyu zai haifi abin da na farko ya haifa. Wanda ya hango faɗuwa tun tsakiyar zango yana da damar janyewa kafin wa'adi, a rubuta masa W, wadda ba ta shiga lissafin GPA. Guda ɗaya ba ta kashe kowa, jerinsu ne ke jawo tambaya.

A ganina jami'o'in suna da nasu kason laifi. Ofishin da ya san ɗalibi likitanci yake nema, ya miƙa masa fom ɗin yafiya, ya karɓi kuɗi, bai gaya masa cewa yafiyar a ƙofar makarantar ta tsaya ba, bai kyauta ba. Layi ɗaya a jikin fom ɗin ya isa. Abin ya fi ciwo ga 'ya'yanmu da ke can da bizar karatu, domin makarantun likitanci ƙalilan ne ke karɓar baƙi, kuma ba su da damar bashin karatu na gwamnatin tarayya, saboda haka sau da yawa kowace dala daga aljihun iyaye take fita.

Iyaye, idan ɗanku ya kira ya ce a turo kuɗin sake kwas, ku tambaye shi makin da ya ci, ku tambaye shi ko ya karanta ƙa'idar AMCAS da idonsa. In F ce ko D, ku tura. In C ce kuma ya fahimci darasin, kuɗin su tafi ga kwas na gaba.