Asali da Zaman Gida a Tsohuwar Ƙasar Hindu

A tsohuwar ƙasar Hindu, wato Indiya, tun ranar da aka haifi yaro an riga an yanke masa sana'ar da zai yi, da gidan da zai nemi aure, da wanda ya halatta ya ci abinci tare da shi. Sarakuna sun mara wa wannan tsari baya, malaman addini sun rubuta shi a littattafai, amma ainihin inda ake tsaronsa kullum shi ne cikin gida: a madafa, a wurin ɗaurin aure, da gaban wutar ibada da maigida ke hurawa safe da yamma.

Tushen maganar yana cikin Rigveda, littafin da aka tattara waƙoƙinsa tsakanin wajen 1500 da 1000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wata waƙa a kashinsa na 10 ta ce daga jikin wata babbar halitta mai suna Purusha aka fitar da mutane gida huɗu. Brahmana, wato malamai masu jagorantar ibada, daga bakinsa suka fito. Kshatriya, sarakuna da mayaƙa, daga damatsansa. Vaishya, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, daga cinyoyinsa. Shudra kuwa daga ƙafafunsa, aikinsu yi wa sauran ukun hidima. Wannan shi ne rabon da ke cikin littafi. A ƙauye, abin da mutum ya fi sani shi ne jati, ƙaramin dangin sana'ar da aka haife shi a ciki, kamar masaƙa, maƙera, wanzamai ko masunta, kuma sannu a hankali irin waɗannan suka kai dubbai.

Akwai waɗanda ko cikin gida huɗun ba a sa su ba, irin su Chandala. Manusmriti, littafin dokoki da aka rubuta tsakanin wajen 200 kafin haihuwar Annabi Isa da 200 bayanta, ya tanadi cewa su zauna a bayan gari, su sa tufafin matattu, su ci a fasassun kwanuka, dukiyarsu karnuka da jakuna. Su ke ɗaukar gawar da ba ta da dangi, su ke kashe wanda sarki ya yanke wa hukunci. Faxian, wani malamin addinin Buddha daga ƙasar Sin da ya zagaya Indiya a farkon ƙarni na 5, ya ba da labarin cewa idan ɗayansu zai shiga kasuwa sai ya riƙa buga katako, domin jama'a su ji su kauce. Babu yadda za a kira wannan in ba zalunci ba. Mutum yana yi wa gari aikin da kowa ke gudu, sannan a ce taɓa shi ƙazanta ne.

Ɗa namiji daga gidaje uku na sama yana da bikin da ke raba shi da sauran yara. Ɗan Brahmana a shekara 8, ɗan Kshatriya a 11, ɗan Vaishya a 12, ana rataya masa zare mai tsarki daga kafaɗar hagu zuwa kwiɓin dama, a miƙa shi ga malami. Can zai zauna yana haddar Veda, wato littattafan addini irin su Rigveda, yana samo itacen wutar malam, yana bara gida-gida ya kawo abin da ya samu. Ɗan Shudra ba shi da rabo a wannan. 'Ya mace ma, a wurin Manu, wanda ake jingina masa Manusmriti, aurenta shi ne ke tsaya mata a madadin bikin.

A aure ne aka fi tsaurarawa. Dole ka auri 'yar jatinka, amma kada ta zama 'yar gotra ɗinka, wato zuri'ar da kuka haɗa kakan kakanni ta wajen uba. Littattafan sun lissafa aure iri takwas, tun daga mafi daraja, inda uba ke yi wa 'yarsa ado ya ba da ita ga saurayi mai ilimi da hali, har zuwa na sayen amarya da na sace ta. A tsakiya akwai gandharva, auren soyayya da masoya ke ƙullawa da kansu, wanda an san da shi amma malamai ba su yaba masa ba. Ranar biki ango da amarya na yin taku bakwai a gaban wuta, da na bakwai aure ya ɗauru. Duk da tsaurin, namiji na iya auro mace daga gidan da ke ƙasa da nasa, a kau da kai. Idan kuwa macen ce ta fi asali, abin ya zama abin kunya, har Manu ya ce daga Shudra namiji da Brahmana mace aka samu Chandala. Da wannan za a gane dalilin sa wa mata ido sosai: asalin dangi duka a wuyansu aka rataya shi.

Amarya na tarewa ne a babban gida, inda uba da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki ke cin tukunya ɗaya, gona da dukiya kuma na hannun dattijo. Burin kowa a samu ɗa namiji, domin shi ne zai kunna wutar ƙona gawar mahaifinsa, shi ne kuma zai riƙa ajiye dunƙulen shinkafa da ake kira pinda ga uba da kaka da kakan uba. Wanda bai haifi namiji ba yakan ɗauki ɗan riƙo don kada wannan hidima ta yanke.

Mace, a dokar Manu, tana ƙarƙashin mahaifinta tana yarinya, mijinta tana matar aure, ɗanta idan ta tsufa. Littafin dai ya yi umarni da a girmama mata a gida, ya kuma amince musu da stridhana, kayan ado da kyaututtukan biki da ke zama mallakinsu. Tsofaffin littattafan Upanishad ma sun ambaci Gargi, wadda ta tsare malami Yajnavalkya da tambayoyi a fadar Sarki Janaka. Amma irin Gargi ba su da yawa, kuma matar da mijinta ya mutu a manyan gidaje an so ta ƙare rayuwarta ba tare da sake aure ba.

Tun da daɗewa akwai masu ja da tsarin. Buddha ya karɓi Upali, wanzami, cikin almajiransa, har ya zama jigo a sanin dokokin ƙungiyar almajiran. Duk da haka, da Al-Biruni ya rubuta littafinsa kan Indiya a wajen 1030, ya tarar kowane gida cikin huɗun yana zama daban wurin cin abinci. A 1927 Dakta Ambedkar, wanda shi kansa ɗan waɗanda ake ƙyamar taɓawa ne, ya jagoranci ƙona Manusmriti a garin Mahad, kuma tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta wannan ƙyama. Sai dai har yau mafi yawan aurarrakin ƙasar a cikin jati ɗaya ake ɗaura su.