Kwalbar Da Ke Komawa Masana'anta

A shekarar 2025, wasu sanatocin Amurka biyu, Jeff Merkley da Shelley Moore Capito, suka gabatar wa Majalisar Dattawan ƙasar wani ƙudurin doka mai suna REUSE. Ƙudurin ya nemi Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar ta gudanar da bincike a kan mazuban da ake wankewa a sake cikawa, irin su kwalabe da kwanukan abinci, ta kuma bayyana alfanunsu da abin da ke hana su yaɗuwa.

Mai karatu zai iya tambaya: ina amfanin bincike a kan abin da kowa ya sani? Ai a Nijeriya ma an daɗe ana mayar wa mai shago kwalbar lemo. Amsar tana cikin lissafi. Kafin a ƙera kwalba, sai an narkar da yashi da sauran sinadarai a zafin da ya kai kimanin digiri 1,500, aikin da ke cin makamashi mai yawa. Idan aka sha sau ɗaya aka jefar, duk wannan ya tafi a banza. Idan kuwa aka cika ta sau da dama, sai nauyin ya rarrabu a kan kowane zagaye.

Sai dai kwalba tana da nauyi. Motar da ke mayar da ita tana ƙona mai, wankinta kuma yana buƙatar ruwan zafi da soda. Saboda haka ribar ta dogara ne ga abu biyu: yawan zagayen da kwalbar ta yi, da nisan tafiyarta.

Ƙasar Jamus ta isa misali. A can akan cika kwalbar gilashi har sau 50, ta roba mai kauri kuma har sau 25. Dokar 1991 ta shar'anta cewa kashi 72 cikin ɗari na abin sha su kasance cikin irin waɗannan kwalabe. Da adadin ya faɗi, sai a 2003 aka ɗora kuɗin ajiya a kan gwangwani da robar sha-ka-yar, amma duk da haka bai koma inda yake ba.

Darasin a fili yake: mazubi ba ya dawowa da kansa. Sai da wuraren karɓa, da injunan wanki a kusa, da mai saye da ya saba mayarwa. Waɗannan ne ya kamata binciken ya auna.