Allurar jinin mutum ba ta ɗora karaya

Wata talla tana yawo a Facebook da TikTok, kuma masu jinyar karaya a Kafanchan da Kagoro da Kwoi suna gani: wai akwai allurar da ake haɗawa daga jinin mutum, a yi masa a inda ya karye, ƙashi ya haɗe cikin 'yan kwanaki, ba tiyata ba ƙarfe. Allurar dai akwai ta, likitoci na kiranta PRP. Alƙawarin da aka rataya mata ne ba shi da tushe.

Ana ɗibar jini daga hannun majiyyaci, a sa a na'urar da ke juya shi da gudu har ya rabu. Jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya taso sama, ɗauke da ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini idan mutum ya yanke. Su ake tattarawa, a ninka yawansu sau 3 zuwa 5. A cikinsu akwai sinadaran da ke kiran ƙwayoyin gyara da sababbin hanyoyin jini zuwa inda aka ji rauni.

Robert Marx, likitan tiyatar muƙamuƙi a Jami'ar Miami ta Amurka, shi ya sa abin ya yi suna a 1998. Amma a lura da yadda ya yi: ƙashi ya dasa wa majiyyatansa a ɗakin tiyata, ya gauraya PRP a cikin dashen. Ƙari ce a kan aiki, tun ranar farko. Daga baya aka ji 'yan wasa Tiger Woods da Rafael Nadal sun yi ta, su kuma don ciwon jijiya da gwiwa, sai kasuwa ta buɗe.

Da aka gwada ta a kan dogon ƙashi, sakamakon bai kai yadda ake zuzutawa ba. A 2008 likitoci a Milan ta Italiya sun bi mutum 120 da karayarsu ta ƙi haɗewa. Waɗanda aka sa wa PRP, kashi 68 cikin ɗari suka haɗe. Waɗanda aka sa wa wani sinadari mai suna BMP-7, kusan kashi 87. Dukansu kuwa sai da aka yi musu tiyata. A 2012 masu tace bincike na Cochrane suka ce babu isasshiyar hujjar da za ta sa a riƙa amfani da ita ga karayar manya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙashin da ya karye yakan tara gudan jini, gudan ya zama guringuntsi, guringuntsin ya taurara cikin makonni. Wannan ba ya yiwuwa sai bakunan biyu sun daidaita, sun zauna ba motsi, jini na isa wurin, kuma babu ƙwayar cuta a ciki. Manomin citta a Kachia ya san taki na ƙara amfani, amma irin da ake tonewa kullum a mayar, ko buhu goma aka zuba masa ba zai yi saiwa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ƙafafun da muke rasawa a kudancin Kaduna ba rashin PRP ke cinye su ba. Ɗan acaɓa ya faɗi, ƙashi ya huda fata, a wuce da shi wurin mai ɗori ba hoto ba wanke rauni. A ɗaure da kara tamau, ƙafa ta kumbura, jini ya tsaya, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, ana cewa a yi haƙuri. Kafin a kai shi Jos ko Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, sai yankewa. Akwai maɗoran da suka san iyakarsu, suna tura irin wannan asibiti tun da wuri, kuma sun cancanci yabo. Ga kuma taba da ciwon sukari da ba a kula da shi, waɗanda ke hana ƙashi haɗewa.

A 2025 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da asibitin Sir Patrick Yakowa na Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya. Ina fata masu riƙe da kuɗinta za su fara da na'urar hoton ƙashi mai aiki dare da rana, da likitan ƙashi mazauni, da ƙarafan ɗori a farashin da manomi zai iya. Wanda kuma aka ce ya biya kuɗin PRP, ya fara neman a nuna masa hoton karayarsa, a gaya masa me zai riƙe ƙashin.